Daga Zango Zuwa Tasha: Yadda Masaukin Baƙo Ya Tsara Birnin Kano

Duk wanda ya hau Dutsen Dala da hantsi, bayan hazo ya washe, ya fuskanci kudu ya dubi tsohon birni, sa'an nan ya karkata gabas ya miƙa ganinsa har bayan inda ganuwa take a da, zai tarar garuruwa biyu ne kwance gefe da gefe, ko da yake da suna ɗaya ake kiransu: ɗaya mai lunguna a murɗe kamar jijiyoyin ganye, wanda ba mai iya faɗin ranar da aka shata shi, ɗaya kuwa mai tituna miƙaƙƙu, waɗanda sai da aka zana su a takarda kafin a zana su a ƙasa. Mutane da yawa, har da waɗansu ma'abuta ilmi, sun ɗauka na farkon tashi ya yi kara zube, kowa ya aza tubalinsa inda ya ga dama, na biyun shi ne mai tsari. Wannan zato yana bukatar gyara, domin tsohon birnin yana da nizaminsa, sai dai a littattafan fiƙihu da ladubban maƙwabtaka aka ajiye shi, kuma mas'alar da ta fi kome juya shi guda ce: in baƙo ya iso da kayansa, ina zai sauke, ina zai kwana, kuma ta hannun wa zai sayar?

Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ake lissafin mulkinsa daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwa, ɗansa Tsaraki ya ƙarasa, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15, aka kuma sake buɗa ta a zamanin Muhammadu Nazaki a farkon ƙarni na 17. Abin lura a nan shi ne ba a taɓa yanka ganuwar daidai wuyan gidaje ba. Sa'ad da Baturen Ingila Kilafatan ya shigo birnin a 1824, ya kimanta kewayenta mil 15, ya ƙirga ƙofofi 15, ya kuma ce abin da aka gine a ciki bai wuce rubu'in filin ba, sauran duk gonaki ne da lambuna. Hikimar wannan a fili take, tun da yake birnin da abokan gaba suka yi wa zobe yana bukatar gero da makiyaya a cikin cikinsa, da wurin da mutanen ƙauye za su fake da dabbobinsu. Amma akwai fa'ida ta biyu wadda ba a cika ambatonta ba, watau sarki yana da fili a hannunsa kullum da zai yanka wa baƙon da ya yi niyyar zama.

A zamanin Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, aka kafa duwatsun murhu uku da birnin ya zauna a kansu har yau: fada, wadda ya gina a kudu da tsohon gari ake kiranta Gidan Rumfa, da masallacin Juma'a a kusa da ita, da Kasuwar Kurmi a bakin Jakara. A zamaninsa ne kuma Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim Almagili ya sauka Kano, ya rubuta wa sarki nasiha kan abin da ya wajaba a kan masu mulki. Tun daga lokacin hanyoyin da ke fitowa daga ƙofofi suka riƙa gangarowa Kurmi kamar yadda ƙoramu ke neman kogi, har ya zamana mai jaki da ya shigo ta Ƙofar Ruwa da mai kayan kai da ya shigo ta Kabuga, ko ba su tambayi kowa hanya ba, in dai sun bi inda sawu ya fi yawa, a bakin kasuwa za su gamu.

Sunayen unguwannin birni kuwa, ga wanda ya yi musu karatun natsuwa, daftari ne na baƙin da suka zo suka zauna. Ga Zangon Barebari, ga Tudun Nufawa, ga Ayagi ta Yarbawa, ga Sharifai inda zuriyar Almagili take, ga Madabo ta malamai. Ga Dandalin Turawa, wanda sunansa kan ruɗi yaran yanzu, alhali Turawan da ake nufi Larabawan Gadamus da Tarabulus ne, domin su aka fara kira da wannan suna tun kafin a ga Nasara; ga kuma Alfindiki, wadda sunanta daga kalmar Larabci ta masaukin fatake ya fito. Yadda abin kan faru galibi iri ɗaya ne. Ayari ya iso, madugu ya kai gaisuwa, a nuna musu fili su yi zango. Su tafi, baɗi su komo, su sake komowa. Sai wani daga cikinsu ya ga ribarsa ta fi yawa in ya zauna ya riƙa karɓar 'yan'uwansa da kayansu, ya nemi aure a gari, ya rushe bukka ya yi soro, ya gina masallacin hamsu salawati a ƙofar gidansa. Kafin jikokinsa su girma zangon ya zama unguwa da mai unguwarta, ba abin da ya saura na baƙunci sai suna. Waɗansu unguwannin kuma sana'a ce ta raɗa musu suna, kamar Soron Ɗinki da Takalmawa da Dukawa.

A nan ya kamata a dakata a shiga gida ɗaya a duba, domin a cikin gidan fatoma, watau mai saukar fatake, ake ganin birnin duka a taƙaice. Mutum ya fara shiga zaure, wanda shi ne fuskar gida ga duniya. Ya wuce ƙofar gida, filin da ɗakunan baƙi da na samari suke, da turken doki, da ɗakin ajiya mai ƙyauren ƙarfe. Ya iske shigifa, inda ƙafar namijin da ba muharrami ba take tsayawa. Bayanta sai cikin gida. Da asuba zauren makaranta ne, yara sun zagaye malam da allunansu, ƙarar hadda har bakin lungu. Da hantsi ya daga sai ya koma wurin sana'a, maɗinki ya shimfiɗa tabarma ya ɗora riga a gwiwa yana fitar da aska a wuyanta. Kafin azahar ya zama kasuwa: baƙon da ya zo da goro daga Gwanja yana zaune gefe ɗaya ya yi shiru, an kwance huhu ɗaya, an yaye ganyen fita, an yayyafa ruwa, ana tsince wanda ya fara lalacewa, dillali yana ƙirgawa ƙwarya-ƙwarya, ɗari-ɗari ke nan, mai saye yana tayawa, maigida yana cewa albarka a madadin baƙonsa, har a kai inda za a ce an sallama. Maigidan shi ne mai masauki, shi ne tafinta, shi ne ma'ajin dukiyar baƙo, shi ne kuma lamuni in an sayar bashi, domin baƙo bai san wanda ke biya da wanda ke taurin bashi ba, shi kuwa ya san kowa har kakansa. Ba ya karɓar kuɗin ɗaki ko na tuwo. La'adarsa a cikin cinikin take. Duk wannan lokaci matan gida, waɗanda baƙon zai yi wata uku bai ga fuskarsu ba, suna kaɗi, suna dama fura, suna soya ƙuli-ƙuli, yara na fita da faranti a ka ta cikin zauren nan dai zuwa talla. Da dare, bayan lisha, a share wurin, manyan almajirai su zo da littattafai a ɗauki karatu.

Wannan haɗuwar gida da kasuwa da makaranta da masauki a ƙarƙashin azara ɗaya ita ce ta haifi amanar da ta ba baƙi mamaki. Kilafatan ya ba da labarin cewa in an sayi riga ko turkuɗi a Kano a naɗe, aka kai Barno ba a kwance ba, can aka iske aibi, sai a maido, domin ana rubuta sunan dillali a cikin kowane ƙunshi, shi kuwa tilas ya nemo mai kaya a mayar da kuɗi. Irin wannan ba ya yiwuwa sai inda mai sayarwa ke kwana a lungun da yake ciniki, yana salla sahu ɗaya da wanda zai kawo ƙararsa. Bature Bart, wanda ya zo a 1851 da sunan Abdulkarim, ya kimanta mazauna birnin 30,000, ya ce a lokacin rani, sa'ad da ayari ke shigowa, sukan kai 60,000. Garin da ke ninka kansa kowace shekara, ba tare da an gina wa baƙin wani gari dabam ba, lalle ɗakunan ƙofar gida ne suke shanye mafi yawansu.

Mai tambaya zai ce, to, in kowa yana sana'a a gidansa, me ya hana majemi ya jiƙa fata a jikin bangon malami? Abin da ya hana shi ne ƙa'idar kawar da cuta, wadda malaman Malikiyya suka yi wa bayani filla-filla a babin hukunce-hukunce, kuma kowane ɗalibin da ya sauke Risala ya wuce ta kanta. Mutum yana da ikon yin abin da ya so a milkinsa matuƙar bai cuci maƙwabci ba: ba zai huda taga inda zai tsinkayi iyalin wani ba, ba zai buɗe ƙofarsa saitin ƙofar wani ba, ba zai haƙa ramin da zai raunana bangon wani ba, ba zai juya indararonsa ya zuba a gidan wani ba, haka kuma hayaƙi da wari da girgiza duk suna da hukuncinsu. An kuma bambanta cutar da aka tarar da wadda aka ƙago daga baya, don haka wanda ya zo ya gina kusa da tsohuwar marina hujjarsa ba ta kai ta wanda aka kawo wa marina har ƙofar ɗaki ba. Saboda wannan ne sana'o'i masu wari da masu shan ruwa suka tattara a gefe, marina a Ƙofar Mata da makamantanta, majema da mahauta a bakin ruwa, alhali ɗinki da saƙa da dukanci da rubutu suka zauna a zaure. Mafi yawan rigingimun ma ba su kai gaban alƙali, mai unguwa da limami da dattawa sukan kashe su a tsaye a bakin bangon da ake jayayya a kai. Ba banza ba kuma da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya sauka Kano a farkon jihadi, mutanen gari suka roƙe shi ya rubuta musu abin da za su riƙa hukunci da shi, ya wallafa Liya'ul Hukkami a nan.

Kada dai son tsohon abu ya sa mu rufe ido. Kowane soro da aka ɗaga ya bar kududdufi a bayansa, kududdufin kuwa da damina gidan sauro ne, da rani juji. Jakara, wadda ta raba birnin biyu, ita ke karɓar abin da mahauta da marina suka zubar, kuma Kilafatan da Bart duk sun koka da zazzaɓin garin. A cikin Kurmin nan da ake yabon tartibinta, layin 'yan turare dabam, na 'yan sirdi dabam, na hatsi dabam, a da akwai kuma rumfunan da ake zaunar da bayi ana taya su kamar kowace haja.

Akwai baƙin da birni bai iya haɗiyewa ba, su ne masu raƙuma. Ayarin Azbinawa mai kawo gishirin Bilma yakan zo da dabbobi masu yawan da lungu ba zai ɗauka ba, sai su sauka a fili bayan ganuwa, ta wajen gabas maso arewa, inda ake kira Fagge. Wannan shi ne waje na farko, kuma ko da yake a bayan ganuwa yake, Kurmi yake fuskanta.

Ranar 3 ga Fabrairu 1903 sojan Ingila suka shiga birnin ta wajen Kabuga, Sarki Alu ba ya gari, aka naɗa Abbas. Turawa ba su zauna a ciki ba. Suka kafa bariki a gabas, Nasarawa da Bompai, suka bar birni a hannun sarki da alƙalansa. Da a ce abin ya tsaya nan, da bariki bai wuce wani sabon zango ba. Abin da ya juya al'amari shi ne dogo. An fara shimfiɗa shi daga Baro a bakin Kwara a 1907, ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912, aka haɗa shi da wanda ya taso daga Ikko. Aka kuma dasa tashar a fili, can gabas da ganuwa. Masu masaƙun Ingila auduga suke sa rai, amma manomin Kano, wanda ke da masaƙa a garinsu masu sayen audugarsa da daraja, ya yi nasa lissafi ya shuka gyaɗa, har a kakar farko ta taru a tasha fiye da abin da jirgi ke iya kwashewa. Kamfanonin Turawa suka jera kantuna da sito a gefen dogo, kowanne da sikelinsa a baranda. Jakuna da raƙuman da a da suke neman ƙofar birni suka riƙa zagaye ganuwa suna wucewa. Aka tara buhuna tsibi-tsibi ana kiransu dala, suna ɗaya da dutsen da garin ya tsira a gindinsa. Kayan da a da sai sun yi watanni a Sahara kafin su zo daga Tarabulus, yanzu cikin kwanaki suke isowa daga teku, fataucin hamada ya shiga ja da baya. A karo na farko tun zamanin Rumfa, wurin da baƙo ke sauke kaya ya rabu da wurin da ɗan gari ke kwana.

Sa'an nan aka zo da doka ta tabbatar da rabuwar. An yanka Sabon Gari a 1913 domin akawuna da leburorin jirgi da 'yan kasuwa mutanen kudu da na Saliyo da Gwalkwas, aka ja masa tituna a miƙe masu gicciye juna, aka raba filoti-filoti. Dokar garuruwa ta 1917, ta zamanin Gwamna Lugga, ta sa Kano a daraja ta biyu, ta kuma tsayar da cewa a bar fili na yadi 440, rubu'in mil ke nan, tsakanin unguwar Turawa da mazaunin baƙar fata, ba a gina kome a cikinsa. Hujjar da aka bayar ita ce kiwon lafiya, wai kada sauron da ya ciji ɗan ƙasa ya ƙarasa ga Bature. Sai dai kuku da boyi da mai doki a bayan gidan Baturen suke kwana, kuma ban san sauron da ke tambayar mutum aikinsa kafin ya cije shi ba. Aka ware wa kwarori, watau mutanen Sham da Labanan, nasu yanki a kudancin Fagge. 'Yan Arewa waɗanda ba Kanawa ba, da tsofaffin soja, suka taru a Tudun Wada da Gwagwarwa. Wurin kantuna dabam, wurin ofisoshi dabam, wurin kwana dabam. Hatta hukunci aka raba, domin Sabon Gari yana ƙarƙashin Bature ne, ba a maido shi hannun En'e, watau hukumar sarki, ba sai 1940.

In za a yi adalci, tsohon birni ma yana zaunar da kowane iri a unguwarsa, Banufe da Nufawa, Babarbare da Barebari. Bambancin shi ne a can baƙo ta ƙofar zauren wani yake shigowa gari, yana da maigida, kasuwarsu ɗaya, alƙalinsu ɗaya, kuma hanyar zama ɗan gari a buɗe take ga 'ya'yansa; a nan kuwa takarda ce ta ba shi filoti, ba ya bin kowa gaisuwa, ba mai binsa, tsakaninsa da ɗan gari sai fili fetal. Mutanen da suka shekara arba'in suna ciniki da rana suna rabuwa da magariba ba su san juna ba sai a bakin sikeli, kuma da fitina ta tashi a watan Mayu na 1953, a kan iyakar Fagge da Sabon Gari aka fi gwabzawa.

Amma al'ada ba ta mutuwa don an zana taswira. Alhaji Alhassan Ɗantata, Allah ya ji ƙansa, wanda ya koyi fatauci a hanyar Gwanja kafin ya zama babban mai saya wa kamfanin Neja gyaɗa, daga gidansa na cikin birni ya riƙa juya harkarsa, yana ba yaransa jari su bazu ƙauyuka, bisa tsarin maigida da bara da ya gada. Kantin Bature ya samu gyaɗa ne ta hanyar zaure. Kwarori suka gina kanti a gaba, iyali a baya ko a bene. Masu filoti a Sabon Gari suka jera ɗakunan haya a ciki, suka fitar da shago da teburin tela ta bakin titi, kasuwarsu ta bunƙasa har ta shafe Kurmi. Ita kanta ganuwa aka fara huda ta don bukatun waje: Sabuwar Ƙofa a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da Ƙofar Famfo wadda sunanta ya faɗi dalilinta.

Bayan samun mulkin kai aka ɗauko masani Tirebaliyan ya tsara yadda babban Kano zai kasance daga 1963 zuwa 1983, shi ma a bisa ra'ayin zamaninsa na ware kowane aiki a yankinsa. Masana'antu suka tattara a Bompai, daga baya Sharaɗa da Challawa, ma'aikaci ya koma yin asubanci a kan keke daga wannan gefen gari zuwa wancan. Da jirgi ya yi rauni mota ta karɓe kaya da fasinja, sai zango ya sake ƙaura, ya watsu a tashoshin Unguwa Uku da Yankaba da Ƙofar Ruwa, kuma kowace tasha, ba tare da an zana mata ba, ta tara abin da zango ke tarawa tun da: masallaci, da mai shayi, da mai tuwo, da mai gyaran taya, da ɗan kamasho wanda ya gaji rabin aikin dillali, da rumfar da baƙo zai miƙe kafin gari ya waye.

Yankin kwarori kuwa shi ne ya zama Kantin Kwari, inda fatake daga Nijar da Chadi da Kamaru ke zuwa sarin atamfa da shadda. Ciniki ya yi yawa har ya cinye gidajen: aka mai da falo shago, aka mai da ɗakin kwana sito, aka rushe bene aka ɗaga wanda ya fi shi, kowane hawa kanti. Har yanzu in ka tambayi ɗan kasuwa inda yake zai ce maka gidan wane, layi kaza, da sunan mai gidan na da. In magariba ta gabato sai a ja ƙyamare a sa kwaɗuna, masu shaguna su cika a-daidaita-sahu zuwa Hotoro da Kabuga da Rijiyar Lemo, a bar masu gadi da tocila suna zagaya gidajen.